Ranar da Musaddiƙ Ya Shiga Ɗakin Karatun Baba

Sallama a gare ku, masu bibiyar labarina. Na ga saƙon 'yar'uwar da ta ce in daina kewaye-kewaye in faɗi abin da ke cin raina. To yau zan faɗa. Abu ɗaya nake roƙo, kada ku yi saurin zagina, don tun ranar Asabar nake yi wa kaina wannan aikin.

Ga wanda yau ya fara karanta ni, sunana Sakinatu, 'yar Kurfi ce ni, ina shekarar ƙarshe a jami'a a Dutsin-Ma, ina karantar ilimin laburare da sarrafa bayanai. Baba ne ya sa min son fannin. Malam Ilu sunansa, aikin laburare ya yi har ya yi ritaya. Da ya dawo gida, shagon da ke jikin zaurenmu, wanda kowa ya ba shi shawarar ya zuba kayan masarufi a ciki, sai ya mai da shi ɗakin karatu na unguwa. Kantocin katako ne a jikin bango, da benci, da wata tsohuwar fanka, da akwati mai ƙananan aljihuna inda kowane littafi yake da katinsa da rubutun hannun Baba. A kan bencin nan na koyi haɗa baƙi. Yanzu ba a cika shiga ba, sai 'yan tsiraru, amma kullum da hantsi sai ya buɗe ya share.

Tun ina aji ɗaya Baba ya zaɓar min abin da zan yi bincike a kansa idan na zo furojet: yadda mutanen Kurfi suke amfani da ɗakin karatun unguwa. Bai tilasta min ba. Faɗa kawai yake yi yana murmushi, ni kuma in ce to.

Da lokaci ya yi na kai wa mai duba aikina, Dakta Adama. Ba ta wulaƙanta ni ba, kar in yi mata ƙarya. Tashi ta yi ta sauko da tsofaffin furojet daga saman kanta, masu baƙin bango, ta jera min su a tebur. Kusan duk take ɗaya ne, sunan gari kawai ake canzawa. Ta ce a da abin da ake bincike ke nan, tsarin jera littattafai, da yawan masu shiga laburare, da ƙarancin kujeru. Yanzu tambayoyin sun koma wani wuri: yadda mutane ke neman bayani a waya, yadda labarin ƙarya ke yaɗuwa, yadda ake adana tsofaffin takardu a kwamfuta, da ƙirƙirarriyar basira da ɗalibai suka koma tambaya maimakon littafi.

"Hanya biyu ce," in ji ta. "Ko ki sabunta wannan ya dace da zamani, ko ki kawo wani."

Ku riƙe wannan, don nan laifina ya fara. Hanya biyu ta ba ni. Ni na zaɓi ta biyun.

A bakin ofishin nan na haɗu da Musaddiƙ. Ɗalibin mastas ne a sashenmu, ɗan cikin Dutsin-Ma, dogo, mai ɗan saje, kullum da jakar kwamfuta a kafaɗa. Ya ga idona ya yi ja, ya tambaye ni ko lafiya. Da na gaya masa sai ya yi 'yar dariya, ya ce ai shi bincikensa ke nan gaba ɗaya, yana bin ayyukan ɗaliban fanninmu tun na shekarun baya yana duba yadda batutuwa suke mutuwa wasu suna tasowa. Ya ce irin taken da na kawo, a jadawalinsa, ya daɗe da rasuwa, addu'a kawai ta rage. Na yi dariya don kar ya raina ni. Ya tambaye ni wa ya ba ni shawarar taken, na ce wani dattijo ne a garinmu. Daga baya da ya tambayi aikin mahaifina, na ce tsohon ma'aikacin gwamnati ne. Ban yi ƙarya ba, haka na riƙa gaya wa kaina.

Shi ya taimaka min na tsara sabon take, kan yadda ɗalibai ke amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen neman bayani. Dakta Adama ta amince a zama ɗaya. Daga gyaran babi na ɗaya muka koma "kin ci abinci?", daga nan muka koma "ban ji muryarki ba yau". Kun san yadda abin yake tafiya. Mutum ne mai kunya da gaskiya, irin wanda idan ya makara zai faɗi ainihin abin da ya tsayar da shi.

Wata rana ya turo min saƙo:

"Sakina, ina neman hoton laburare irin na da, don seminar da zan gabatar. Wannan dattijon na garinku, za a samu hoton wurinsa?"

Ina gida a lokacin. Na leƙa ta taga, Baba yana zaune shi kaɗai, ya ba ni baya, ya sunkuya a kan akwatin kati, farar hularsa ta ɗan karkace, fanka tana jujjuya gefen rigarsa. Na ɗaga waya na ɗauka, na tura. Ko sallama ban yi masa ba.

Ranar seminar na sa baƙar abaya da mayafi ruwan zuma, na zauna a layi na biyu ina jin kaina wata. Musaddiƙ ya yi bayani mai kyau, har malamai suna gyaɗa kai. Ya nuna yadda bincike ya tashi daga kati da kanta, ya koma intanet, ya koma kafafen sada zumunta, yau kuma ga inda ake. Sai majigi ya hasko bayan Baba a jikin bango, ƙato, har ana ganin ɗinkin da Inna ta yi masa a kafaɗar riga. A ƙasa an rubuta cewa ga laburaren jiya yana jiran masu karatun da ba za su zo ba.

Ɗakin ya ɗauki dariya. Wata a bayana ta ce Allah sarki tsoho, a saya masa waya mana. Musaddiƙ ya kallo ni yana murmushi, alamar godiya.

Ni ma na yi dariya. Wallahi na yi, har da rufe baki da gefen mayafi.

Shi kuwa Baba, bai san an canza komai ba. Duk ƙarshen makon da na je gida sai in tarar ya yi wani sabon shiri. Ya sa an yi wa ɗakin farin fenti. Ya gaya wa abokansa na masallaci cewa ɗiyarsa za ta sa ɗakin nan a littafin jami'a. Ya hau babur cikin daminar nan, hanya duk caɓi, ya je Birchi da Rawayau yana neman mutanen da suka taɓa karatu a wurinsa, don in yi hira da su. Su kuma suka riƙa zuwa ranar kasuwa. Sai in sa hijabi in zauna a benci, in kunna rikoda a waya, in yi ta tambayoyin da na san ba za su shiga ko'ina ba.

Akwai wani Malam Sabitu, malamin firamare daga Rawayau, da ya zo ruwa ya jiƙa shi sharkaf. Ya ba ni labarin yadda ya faɗi jarrabawa, ya yi niyyar barin karatu, Baba ya riƙa ba shi aron littafi yana kai masa har gona. Baba kuma ya fita waje wai zai duba babur, don kar a yabe shi a gabansa. Da na koma makaranta wayata ta cika, ina son sauke wata manhaja don aikina na gaskiya. Na duba abin da ya fi cin wuri, na ga hirar Malam Sabitu ce. Na goge.

Ta ɗaya gefen kuma ga Gogo, yayar Baba, da ke zaune tare da mu tun rasuwar mijinta. Ita ba ruwanta da furojet. Kullum maganarta ɗaya, takardar gama makaranta da miji tare ake shigo da su gida, ita ba za ta zauna 'yan biki suna tambayarta ba. Inna ba ta faɗa da baki, sai dai ta riƙa lissafo min ƙawayena da aka kai ɗaki tana tankaɗen gari. Da Gogo ta kama ni ina murmushi da waya a bayan rumbu, ba ta bar ni ba sai da na faɗi sunansa. Kafin magariba maganar ta kai kunnen Baba. Ya ce ba ya son zancen waya, in yaron da gaske yake ya zo ranar Asabar su gaisa.

Musaddiƙ ya yi murna ƙwarai. Ni kuwa sai na ɗauki waya. Na rubuta masa "akwai abin da ya kamata ka sani kafin ka zo", na goge. Na sake rubutawa, na sake gogewa. A ƙarshe abin da na tura shi ne: "Ka sa shaddar nan ruwan toka, tana yi maka kyau." Na lallashi kaina da cewa a zaure za su gaisa, ɗakin karatu kuma ranar Asabar da yamma a rufe yake.

Tun safe gidan ya kacame. Inna ta yi dambun shinkafa da zogale, Gogo ta dama fura da nonon da aka kawo daga ruga, ta hana kowa taɓa ƙwaryar. Na sa atamfata kore mai zanen ganye, ɗinkin riga da siket, na ɗaura kallabi na warware ya fi a ƙirga. Gogo ta dube ni ta ce in rage hoda, ba gidan hoto za ni ba.

Bayan la'asar na ji tsayuwar babur. Na ji sallamarsa, na ji Baba ya amsa da muryar da yake yi wa manyan baƙi. Na laɓe a bayan ƙofar tsakar gida ina saurare. Tambayoyin da aka saba ne, iyaye, unguwa, sana'a. Sai Baba ya tambaye shi me yake karanta. Da ya faɗa, na ji Baba ya ce, "Ikon Allah. Ashe ɗan gida ne. Sakinatu ba ta gaya min ba. Taso, taso ka ga wani abu."

Na ji ƙarar makullai.

Inna ta miƙo min tire ta ce in kai musu. Da na shiga, Musaddiƙ yana tsaye a tsakiyar ɗakin, ya cire takalmi a bakin ƙofa ko da yake ba a ce ya cire ba. Baba ya ba shi baya, ya sunkuya yana jawo aljihun kati don ya nuna masa. Farar hula, fanka, har rigar ma ita ce. Na ga lokacin da Musaddiƙ ya gane. Bai motsa ba, kunnuwansa ne kawai suka yi kamar an ja su baya. Ya juyo ya dube ni, ni kuma na dubi ƙwaryar fura.

Baba bai lura ba. Yana ta bayani, wannan kantar ta addini ce, wannan ta noma, waɗannan 'yan sakandare ke nema lokacin jarrabawa. Ya ce ya san wurin ƙarami ne, kuma yara sun koma waya, shi ba ya faɗa da zamani. Abin da yake so kawai a rubuta cewa an taɓa yin wurin, kuma ya amfani wasu.

"Shi ya sa na ji daɗi da malamarsu ta karɓi batun," in ji shi. "A kan ɗakin nan take bincikenta, ai ta gaya maka."

Tiren ya karkace a hannuna har cokali ya faɗi. Musaddiƙ ya sunkuya ya ɗauka, ya ajiye a hankali.

"Ba mu yi maganar sosai ba, Baba," ya ce.

Baba ya tambaye shi nasa binciken. Ya faɗa masa gaskiya, murya ƙasa-ƙasa, cewa yana duba yadda batutuwan bincike suke canzawa ne daga zamani zuwa zamani. Baba ya ji daɗi, ya gyara tabarau, ya ce to irin namu fa, a wane zamani ka sa shi?

Musaddiƙ ya dubi akwatin katin, ya ce:

"Baba, sai na koma na sake dubawa. Ina jin akwai inda na yi gaggawa."

Baba ya yi dariya ya dafa kafaɗarsa, ya ce haka ake son mai bincike. Ya zaro wani tsohon littafi kan tsarin laburare, wanda ko ni ba ya bari in fita da shi, ya ba shi aro. Sannan ya ce bari ya ba mu wuri mu gaisa, ya fita.

Muka zauna a benci, shi a wannan ƙarshen, ni a wancan. Furar ko kallonta bai yi ba. Ya daɗe yana juya littafin a hannunsa.

"Mahaifinki ne na sa a bango mutane suka yi dariya."

Na ce ya yi haƙuri.

"Ba ni za ki ba haƙuri ba. Ni ma ina da nawa laifin, na sa hoton mutum ban tambayi ko wane ne ba, na yi masa rubutun da bai kamata ba. Amma ke kina zaune a wurin, Sakina. Na dube ki, na ga kina dariya."

Hawaye suka fara ɓata hodar da Gogo ta ce in rage. Na gaya masa komai, har da zuwan mutanen Birchi da Rawayau, har da hirar da na goge. Da na zo nan ya rufe ido.

Ya ce abin da ya fi ba shi takaici shi ne, da na faɗa masa tun farko, da ba a kai ga haka ba. Irin muryoyin nan da na goge, da yadda za a adana katunan Baba da tarihin wurin a kwamfuta, da yadda mutanen karkara ke samun bayani yanzu, duk abubuwa ne da ake nema a fannin a yau. Sabuntawar da Dakta Adama ta ce ke nan. Yanzu kuwa an riga an amince da takena, na yi nisa, lokacin canzawa ya wuce.

Ya ce zai cire hoton daga aikinsa, amma wasu sun riga sun ɗauka a waya ranar seminar, kuma Kurfi da Dutsin-Ma ba nisa. Yana son ya durƙusa ya nemi gafarar Baba, sai dai ba zai iya ba sai ya tona ni.

"Ina son ki, wannan bai canza ba. Amma ba zan turo iyayena gidan nan ba alhali ni da ke muna ɓoye wa mutumin nan abu. Ke za ki fara faɗa masa. Ranar da kika faɗa, ki kira ni, in zo in faɗi nawa."

Ya tashi ya sa takalmi. Ya leƙa ya yi wa Inna da Gogo sallama cikin ladabi, har Gogo tana ce masa angonta. Kafin a kira magariba saƙonsa ya shigo: "Na iso lafiya. Littafin yana wurina amana." Babu "Sakinata", babu ɗan hoton zuciyar da ya saba sawa. Na rubuta masa magana mai tsawo, ya karanta, bai amsa ba.

Washegari Lahadi gidanmu kamar an yi salla. Gogo ta ce yaron yana da kunya, ga shi ya iya zama, ta fara lissafin wanda za a gaya wa a dangi. Inna tana wanke-wanke tana 'yar waƙa, abin da na daɗe ban ji ba. Ni ina ɗaki ina ninke kayan komawa makaranta, kowace riga sai na ninke ta na warware.

Da hantsi Baba ya leƙo tsakar gida da 'yar roba a hannu, cike da ƙwan zabi an jera a cikin dusa. Ya ce wa Inna ta adana masa a wuri mai sanyi. Gobe Litinin zai bi ni Dutsin-Ma, yana son ya ga Dakta Adama ido da ido ya yi mata godiya, ya kuma gaya mata ƙofar ɗakin karatunsa a buɗe take idan tana son ta zo ta gani da kanta. Ya ce har ya sa an goge masa babbar rigarsa.

Na tsaya riƙe da hijabi a hannu. Na hango shi a ofishin nan, da babbar riga da robar ƙwai, yana godiya, Dakta Adama tana dubansa ba ta gane ba. Na hango ɗaliban da ke zama a baranda suna ɗaga kai suna cewa ai wannan ne tsohon hoton nan.

Na zura hijabin, na bi shi. Yana zaune a wurinsa, yana manna bangon wani littafi da ya yage. Na durƙusa a bakin ƙofa.

"Baba, akwai maganar da nake son in faɗa maka."

Ya ɗago, ya cire tabarau, ya dube ni. Sai fuskarsa ta washe gaba ɗaya. Na gane abin da ya zata, na buɗe baki in tare shi, amma ya riga ni.

"Na sani, uwata, kunya ce ta hana ki tun jiya. Ni ma yaron ya kwanta min." Ya ɗaga murya ya kira Inna, ya ce ta taho da Gogo, Sakinatu na da magana.

Suka shigo, Inna tana goge hannu da gefen zane, Gogo tana gyara ɗaurin kallabi tana murmushi. Suka zauna a kan bencin, suka sa ni a tsakiya. Baba ya ture littafin gefe, ya haɗa hannuwansa a kan gwiwa.

"To, ga mu duka," ya ce. "Faɗi, muna jin ki."